Manhaja ko Burauza: Muhawara Kan Ƙofofi Biyu na Cacar Intanet

Cacar intanet, wato zuba kuɗi na gaske a wasan sa'a ta hanyar waya ko kwamfuta ba tare da an taka ƙafa zuwa wani shago ba, tana da ƙofofi biyu da ake shigarta ta cikinsu a wayar hannu, kuma masu harkar da masu sa ido a kanta sun daɗe suna jayayya kan wadda ta fi. Ƙofa ta farko ita ce burauza, wato manhajar gama-gari da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da Safari da Opera Mini, inda mutum zai rubuta adireshin gidan cacar ya shiga kamar yadda yake shiga shafin jarida. Ta biyu kuwa manhaja ce ta musamman da kamfanin cacar ya ƙera wa kansa, wadda ake saukewa a girka a cikin waya, ta zauna da tambarinta a fuskar wayar dare da rana. Mafi yawan abin da ake rubutawa kan wannan zaɓi yana fitowa ne daga kamfanonin cacar ko daga 'yan kamashonsu, shi ya sa ma'aunin da suke ɗauka bai wuce sauƙi da sauri ba. Amma tambayar ta fi haka faɗi, domin ta taɓa tsaron dukiya, da sirrin mutum, da ikonsa na tsayawa idan ya so tsayawa, da kuma abin da iyaye da hukuma za su iya gani ko su hana.

Ga mai karatu Musulmi, hukuncin caca a bayyane yake a aya ta 219 ta Suratul Baƙara da ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida, kuma babu ɗaya daga cikin ƙofofin nan biyu da take sauya wannan hukunci ko da ƙwayar zarra. Abin da ya sa duk da haka batun ya cancanci a zauna a kansa shi ne, cacar ta riga ta tashi daga shago ta koma aljihu. A shekarar 2024 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta rufe shagunan caca da dama, amma kwaɗon da aka garƙame ƙofar shago da shi ba ya kaiwa ga wayar da ke hannun matashin da ya saba zuwa shagon. Malamin da zai yi wa'azi, da uban da zai tsawata, da likitan da zai yi magani, da ɗan majalisar da zai rubuta doka, duk suna buƙatar sanin yadda kowace ƙofa take aiki, da irin ɓarnar da ta fi saurin shigowa ta kowacce.

Kafin a saurari ɓangarorin biyu, akwai abu guda da ya kamata a kawar daga hanya, wato zaton da wasu ke yi cewa an fi samun sa'a ta ɗaya daga cikin ƙofofin. Sakamakon kowane zagaye na wasa ba a cikin wayar mai wasa ake yanke shi ba. Ana yanke shi ne a babbar kwamfutar kamfani, ta hanyar wani tsari na lissafi da ke fitar da lambobi barkatai, wayar kuma aikinta kawai ta nuna hoton abin da aka riga aka yanke. Haka nan kowane wasa an gina shi da abin da ake kira kason gida, wato ɗan bambancin da ke tsakanin abin da ya kamata a biya wanda ya ci bisa adalcin lissafi da abin da ake biyansa a zahiri. Misali mafi sauƙi shi ne wasan rulet irin na Turai, wanda faifai ne mai gurbi 37, daga 0 zuwa 36, ana jefa ƙwallo a kansa: wanda ya sa naira 100 a kan kowane gurbi ya zuba naira 3,700 ke nan, kuma dole ɗaya daga cikin lambobinsa ta fito, amma abin da zai koma hannunsa naira 3,600 ne. Wannan naira 100 da ta ɓace ita ce kason gida, kimanin kashi 2.7 cikin 100, a faifan Amurka mai gurbi 38 kuwa kason ya kai kashi 5.26. Lissafin nan ɗaya ne ko ta burauza aka shiga ko ta manhaja, saboda haka muhawarar ba ta shafi wanda zai ci ba. Ta shafi yawan zagayen da mutum zai yi ne, da kuma abin da zai iya rasawa ban da kuɗin da ya zuba.

Tarihin ƙofofin biyu yana nuna cewa ba fasaha kaɗai ce ta tsara matsayinsu ba, har da manufofin manyan kamfanonin waya. Gidajen cacar intanet na farko, waɗanda suka ɓullo a tsakiyar shekarun 1990 bayan da ƙasar Antigua da Barbuda ta fara ba da lasisi a ƙarƙashin dokarta ta 1994, sai an sauke shirinsu a kwamfuta ake iya wasa. Daga baya wasannin suka koma cikin burauza ta hanyar fasahar Flash, wadda iPhone bai taɓa karɓarta ba, har aka daina tallafa mata a ƙarshen 2020, fasahar HTML5 ta maye gurbinta, ita ce kuma ta sa shafi guda yake iya aiki a kowace irin waya. A ɗaya gefen, rumbun manhajoji na Apple da na Google, waɗanda aka buɗe a 2008, sun ɗauki matsayi daban-daban. Google ya hana manhajojin caca da kuɗi na gaske a rumbunsa har zuwa 2017, lokacin da ya buɗe ƙofa ga Birtaniya da Ailan da Faransa, sannan a watan Maris na 2021 ya ƙara ƙasashe 15, ciki har da Amurka da Jamus da Ostareliya. Apple kuwa a 2019 ya shar'anta cewa wasannin caca da ke cikin manhaja dole su kasance an gina su a cikinta, ba shafin intanet ba ne aka lulluɓe da rigar manhaja. A tsawon shekarun da rumbun Google yake a rufe ga mafi yawan ƙasashe, kamfanonin caca sun saba da raba manhajarsu kai tsaye daga shafinsu, a matsayin fayil ɗin da ake kira APK, kuma wannan al'ada, kamar yadda za a gani, ita ce ta fi dagula muhawarar.

Masu goyon bayan manhaja hujjarsu mafi ƙarfi ita ce tsaro daga 'yan damfara. Manhajar da ta shiga rumbun Apple ko na Google sai ta cika sharuɗɗa: sai kamfanin ya nuna lasisin ƙasar da zai yi aiki a cikinta, sai an killace manhajar ta yadda ba za ta yi aiki a wajen wannan ƙasa ba, sai an yi mata alamar cewa ta manya ce, sannan an haramta a sayar da ita da kuɗi. Wannan tantancewa, a cewarsu, wani shinge ne da burauza ba ta da irinsa, domin kowa yana iya buɗe shafi ya kwaikwayi launi da tambarin wani sanannen kamfani, ya sauya harafi guda a adireshin, ya zauna yana karɓar lambobin sirri da bayanan katin banki na waɗanda suka faɗo. A ƙaramin gilashin waya, inda adireshin shafi ba ya fitowa duka, gane jabu yana da wuya ko ga mai ilimi, balle wanda hanyar shigarsa ita ce danna mahaɗin da aka turo masa a WhatsApp ko Telegram. Wanda ya girka manhajar gaske sau ɗaya ya huta da wannan haɗari, tunda duk lokacin da ya taɓa tambarin wuri guda yake kai shi.

Suna ƙarawa da hujjar aiki. Manhaja tana ajiye hotuna da sautukan wasanni a cikin wayar tun ranar da aka girka ta, saboda haka abin da take ja daga intanet a kowane zama ya fi ƙanƙanta, kuma ta fi jure raunin sabis, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne a wurin da sadarwa ke yankewa a tsakiyar ciniki. Shiga da zanen yatsa ko da hoton fuska ya fi tsaro a kan lambar sirrin da mutum ke maimaitawa a shafuka goma. Akwai kuma wata hujja da ba a cika ambata ba, alhali tana da nauyi: manhaja abu ce da ake gani. Uba ko miji ko mata da suka ɗauki wayar za su ga tambarin. Tsare-tsaren kula da wayar yara, irin su Family Link na Google da Screen Time na Apple, suna iya hana sauke manhajar manya ko su ƙayyade mata lokaci. Wayar kanta tana ƙirga sa'o'in da aka ɓata a cikin kowace manhaja ta nuna wa mai ita. Abin da ake gani ana iya yin magana a kansa, ana kuma iya goge shi.

Masu goyon bayan burauza sukan fara da halin da wayar talaka take ciki. A kasuwannin Afirka wayoyin Tecno da Infinix da itel ne suka fi yawa, kuma masu arha daga cikinsu ma'adanarsu ƙarama ce, ta yadda kowace sabuwar manhaja sai ta kori hotuna ko wata manhajar kafin ta sami wurin zama. Bayan saukewar farko akwai sabuntawa da ke zuwa a kai a kai, kowacce tana cin data, ga shi kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Burauza ba ta neman wuri, ba ta neman sabuntawa ta daban, kuma kamfanoni da dama suna da sassauƙan shafi da aka rage masa hotuna domin tsofaffin wayoyi. Wannan hujja gaskiya ce, sai dai nauyinta kaɗan ne, domin kuɗin data ba komai ba ne idan aka gwada shi da kuɗin da ake zubawa a wasan kansa.

Hujjarsu da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta sirri. Shafin da aka buɗe a burauza yana aiki ne a cikin wani keɓaɓɓen wuri da burauzar ta killace masa, ba ya iya karanta lambobin mutanen da ke cikin waya ko saƙonninsu, kuma idan aka rufe shi aikinsa ya tsaya. Manhaja kuwa tana iya neman izinin ganin inda mutum yake, da hotunansa, da lambobin abokan hulɗarsa, kuma yawancin mutane suna danna amincewa ba tare da sun karanta abin da suka amince da shi ba. 'Yan Nijeriya sun ɗanɗana sakamakon irin wannan izini a hannun wasu manhajojin ba da bashi, waɗanda suka riƙa tura saƙon cin mutunci ga dangi da abokan wanda ya kasa biya, har Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta ɗauki mataki a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna daga 2023. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙi a kan bayanansa, amma haƙƙin da ke rubuce ba ya dawo da abin da ya riga ya fita daga waya zuwa kwamfutar wani kamfani da ke wata nahiya. A al'ummar da caca abin kunya ce, kuma abin hukunci ce a jihohin da ke aiki da Shari'a, bayanin cewa wane yana caca makami ne a hannun duk wanda ya same shi.

A nan ne batun fayil ɗin APK yake rushe rabin hujjar masu manhaja. Duk tantancewar da suka dogara da ita ta shafi manhajar da aka sauke daga rumbun hukuma, wato na Apple ko na Google, ne kawai. Wadda aka sauke daga shafi, ko aka tura daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth, babu wanda ya duba ta kafin ta iso. Domin girka ta ma sai mai wayar ya cire wani shinge da Android ya sa, ya ba da izinin karɓar manhaja daga majiyar da ba a sani ba, kuma jabun manhaja ta fi jabun shafi illa, domin shafi yana satar abin da aka rubuta a cikinsa ne kawai, ita kuwa tana iya zama a cikin wayar tana karanta saƙonnin banki da lambobin tabbatarwa da ke shigowa. Saboda haka idan aka ce manhaja ta fi tsaro, dole a tambaya wace manhaja, kuma daga ina ta fito. Masu manhaja suna da amsa, cewa laifin na hanyar saukewa ne ba na manhajar ba, kuma suna mayar da martani da cewa burauza ita ce babbar hanyar gidajen cacar da ba su da lasisin ƙasar da suke cin kuɗin mutanenta, waɗanda da yawansu suke riƙe da takardar tsibirin Kurasawo, kuma idan aka toshe adireshinsu yau gobe sun buɗe wani. Wanda irin wannan gida ya hana shi kuɗinsa ba shi da ofishin da zai kai ƙara. Wannan martani daidai ne, kuma abin da yake nunawa shi ne, a fagen damfara kowace ƙofa tana da ɓarawonta, manhajar rumbun hukuma ce kaɗai take da ɗan fifiko.

Sai dai duk waɗannan hujjoji suna magana ne kan kuɗin da ɓarawo zai sace, alhali kuɗin da mafi yawan masu caca ke rasawa ba sata ba ce, kason gida ne, wanda kamfani mai lasisi yake karɓa a fili bisa ƙa'ida. Idan kuwa haka ne, tambayar da ta fi kowacce muhimmanci ita ce wace ƙofa ce ta fi sa mutum yawan zagaye, tunda asara a wasan da aka gina da kason gida tana ƙaruwa ne da yawan zagaye. A ɗauki wasan silot, wato na'urar da ke juya jerin hotuna ta biya idan sun dace, a ɗauka kuma kason gida kashi 4 ne cikin 100. Idan kowane zagaye yana ɗaukar daƙiƙa 2.5, mutum zai iya yin zagaye 1,440 a sa'a guda. Idan yana zuba naira 100 a kowanne, kuɗin da ya juya sun kai naira 144,000, abin da lissafi ke sa ran zai rasa kuma naira 5,760 ne, ko da shi a ransa yana ganin wasan naira ɗari-ɗari yake yi. Wanda ya yi fare a kan wasan ƙwallon ƙafa na gaske dole ya jira minti 90 kafin ya san makomarsa, kuma a cikin wannan jira hankali yana iya dawowa. Wasannin gidan caca da ƙwallon kwamfuta da ake bugawa cikin 'yan mintoci sun kawar da jiran. Masaniyar halayyar al'umma Natasha Dow Schüll, a littafinta Addiction by Design na 2012 wanda ta gina kan bincikenta a Las Vegas, ta nuna yadda masu ƙera na'urorin caca suke auna nasararsu da tsawon lokacin da mai wasa ya yi a kan na'ura, da yadda ake cire duk abin da zai sa ya ɗaga kai. Manhajar waya ita ce cikar wannan manufa, domin ta ɗauke tafiya zuwa shago, ta ɗauke rubuta adireshi, ta ɗauke tuna lambar sirri, ta bar taɓawa guda tsakanin sha'awa da zuba kuɗi.

Bayan haka akwai sanarwar da ke faɗowa a fuskar waya ko manhajar tana rufe, wadda ita ce babbar ribar da kamfani ke samu idan mutum ya girka manhajarsa, kuma ita ce dalilin da ya sa ake yi wa masu wasa tayin garaɓasa domin su sauke ta. Ta burauza mutum ne yake zuwa wurin caca. Ta manhaja cacar ce take zuwa wurinsa, ta same shi a wurin aiki ko a kan shimfiɗa, ta tuna masa da kyautar da za ta ƙare cikin sa'a guda, kuma kamfanin da ya san ranar da mutum ya saba zuba kuɗi da tsawon kwanakin da ya yi bai leƙo ba yana iya zaɓar lokacin da saƙon zai fi tasiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca a cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, har ta ware nau'in da ake yi galibi ta intanet, kuma daga alamomin da ta lissafa akwai kasa mallakar lokacin farawa da na tsayawa. Ga wanda yake fama da wannan hali, tambarin da ke kallonsa duk lokacin da ya buɗe waya domin ya kira mahaifiyarsa ba ƙaramar jarrabawa ba ce, kuma mai barin taba ba ya kwana da kwalinta a ƙarƙashin matashi.

Dokokin Birtaniya suna ƙarfafa wannan fahimta, domin kusan duk gyaran da Hukumar Caca ta ƙasar ta yi a 'yan shekarun nan mayar da cikas ne a inda kamfanoni suka cire shi. Daga ƙarshen Oktoban 2021 an haramta wa wasan silot na intanet ya riƙa juya kansa da kansa, an hana zagaye ya gaza daƙiƙa 2.5, an kuma hana mai wasa soke cire kuɗin da ya riga ya nema domin ya sake zuba su. A 2025 aka ƙayyade abin da za a iya zubawa a zagaye guda: fam 5 ga wanda ya kai shekara 25, fam 2 ga mai shekara 18 zuwa 24. Hukumar da ta ga ya dace ta sa doka a kan daƙiƙoƙi ta yarda ke nan cewa sauri shi kansa cuta ne a wannan harka, kuma abin da tallace-tallace ke yaba manhaja da shi, wato sauri da sauƙi, shi ne ainihin abin da doka ke ƙoƙarin ragewa.

Akwai ƙalubale mai ƙarfi da za a iya yi wa wannan matsayi, kuma adalci ya sa a faɗe shi. Tazarar da ke tsakanin ƙofofin biyu tana raguwa. Tun 2015 burauzar Chrome a wayoyin Android take iya turo sanarwa idan an ba shafi izini, iPhone kuma ya bi sahu a 2023 ga shafukan da aka ɗora a fuskar waya. Burauza tana ajiye lambar sirri ta cike ta da kanta. Shafi yana iya sa tambarinsa a fuskar waya ya yi kama da manhaja. Kamfani kuma yana da lambar wayar mutum, yana iya aika masa saƙon tes ko da bai girka komai ba. Fiye da haka, burauza ita ce ƙofar ɓoyo. Yanayin shiga a asirce, wanda ba ya barin tarihin shafukan da aka ziyarta, yana ba yaro damar yin caca a wayar yayansa ya mayar da ita ba tare da wata alama ba, kuma goge manhaja ba ya hana komai matuƙar shafin yana nan. Ɓoyewa kuwa tana daga cikin abubuwan da ke sa bashin caca ya yi girma kafin iyali su farga. Wannan ƙalubale ya rage ƙarfin hujjar masu burauza, amma bai rushe ta ba, domin duk waɗancan abubuwa a burauza sai mutum ya nema ko ya amince, kuma yana iya ƙi ya ci gaba da amfani da shafin, alhali a manhaja su ne tushen ginin. Cikas ɗin da burauza ta bari ƙarami ne, rubuta adireshi da jiran shafi ya buɗe, amma sha'awar caca takan zo ne ta wuce, kuma ɗan jinkiri a daidai wannan lokaci yana da ƙima.

Wannan ƙalubale ya kuma bayyana wani abu da ɓangarorin biyu suka tsallake, wato ƙofofin biyu suna haɗuwa a mashiga guda, mashigar kuɗi. Babu wanda zai yi caca ta kowace hanya sai ya tura kuɗi daga banki ko daga asusun waya, kuma a Nijeriya wannan turawa ta zama ta 'yan daƙiƙoƙi ta hanyar manhajojin banki da gajerun lambobin da ake dannawa. Birtaniya ta hana yin caca da katin bashi daga Afrilun 2020. Bankunan ƙasar irin su Monzo da Starling sun fito tun 2018 da maɓallin da mai asusu zai toshe duk wani biya zuwa kamfanin caca, a Monzo kuma ba a buɗe shi nan take ko mai asusun ya nema, sai bayan wa'adin jira. Tsarin GAMSTOP kuwa, wanda ya zama wajibi a kan masu lasisi a 2020, yana ba mutum damar ya rubuta sunansa sau ɗaya a hana shi shiga dukkan gidajen cacar intanet masu lasisin ƙasar, ta manhaja ko ta burauza. A Nijeriya hukuncin Kotun Ƙoli na Nuwamban 2024, wanda ya ce Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta da iko a kan jihohi sai Babban Birnin Tarayya, ya mayar da alhakin tsara wannan harka a wuyan jihohi, kuma jihar da ta haramta caca ba za ta cimma manufarta da rufe shaguna kaɗai ba, matuƙar ba ta nemi haɗin kan bankuna da kamfanonin biyan kuɗi ba.

Idan aka ɗora hujjojin a kan sikeli, manhajar da ta fito daga rumbun hukuma ta fi burauza kariya daga jabun shafi, burauza kuma ta fi ta kiyaye sirri da rage kiran da ke jawo mutum ya koma, fayil ɗin APK da aka karɓa daga majiyar da ba a sani ba kuwa ya tara sharrin duka biyun, bai kamata ya shiga wayar kowa ba. Amma da yake damfara tana samun wasu ne a wasu lokuta, kason gida kuwa yana cin kowa a kowane zagaye, ƙofar da ta fi ƙara yawan zagaye ita ce ta fi ɓarna, kuma wannan ƙofa ita ce manhaja. Wanda cacar ta riga ta kama shi, matakin farko da ya wajaba a kansa shi ne ya goge manhajar, ya kashe sanarwar shafin, ya nemi kamfanin ya rufe asusunsa, ya kuma sanar da wani amintacce a cikin danginsa halin da yake ciki, domin komawa burauza rage cuta ne kawai, ba warkewa ba ne. Majalisun dokokin jihohi kuma, musamman na Arewa, lokaci ya yi da za su zauna da Babban Bankin Nijeriya da kamfanonin biyan kuɗi, a samar wa kowane mai asusu hanyar toshe biyan kuɗin caca daga wayarsa.